Gawain da koriyar ɗamara

Ana yawan yaba wa Gawain, jarumin fadar Sarki Arthur a wata tsohuwar waƙar Turanci, don ya tsallake tarkon mace. Ni abin da ya tsaya mini a rai a labarinsa ba matar ba ce.

An rubuta waƙar Sir Gawain and the Green Knight a Ingila a ƙarshen ƙarni na 14, kwafi ɗaya tak ya tsira, yana British Library a Landan. Wani koren jarumi ne ya kutso fadar Sarki Arthur da sabuwar shekara, ya ce a sare masa kai, shi kuma ya rama bayan shekara da kwana ɗaya. Gawain ya sara. Mutumin ya sunkuya ya ɗauki kansa, ya hau doki ya yi gaba.

Gawain mai ibada ne. A cikin garkuwarsa akwai hoton Nana Maryamu, in yaƙi ya yi zafi ita yake kallo. Da lokacin ramuwa ya ƙarato, ya fita neman koren jarumin. Ranar jajiberin Kirsimeti sanyi ya galabaitar da shi a daji, ya roƙi Ubangiji masauki inda zai yi ibada, sai ga gida. Maigidan ya ce su yi alkawari: abin da ya samo a farauta na Gawain ne, abin da Gawain ya samu a gida kuma nasa ne. Kwana uku uwargida na shigowa da sassafe ta zauna bakin gadonsa. Ya kame kansa, sumbar da ta yi masa ya mayar wa mijinta da yamma. Ta miƙa zoben zinariya, ya ƙi.

Sai ta kwance koriyar ɗamararta ta siliki, ta ce wanda ya ɗaura ba mai iya kashe shi. Guru ke nan, irin na maganin ƙarfe. Washegari gatarin koren jarumin na jiransa. Ya karɓa, ya ɓoye wa maigida, ya je ya faɗi zunubansa gaban limamin coci, ɗamarar na hannunsa. Wallahi a nan tausayinsa ke kama ni. Sha'awa ba ta kayar da shi ba, tsoron mutuwa ne ya sa ya raɓe da tsumma.

Ashe koren jarumin maigidan ne. Da Gawain ya je ya miƙa wuya, a sara na uku ya ɗan yanke shi, ya ce laifin kaɗan ne tunda son rai ya jawo. A fada ma dariya aka yi, kowa ya rataya koriyar ɗamara. Gawain kam bai yafe wa kansa ba, kuma ina bayansa, don shi ya san da me ya dogara ran da ya miƙa wuyansa.