Wa za ka sa a ƙasa? Abin da na koya daga muhawarar shugabanci a siyasar Ostiraliya

A Ostiraliya babu mai jefa wa firaminista ƙuri'a kai tsaye sai 'yan mazaɓarsa. Kowa ɗan majalisar yankinsa yake zaɓa, jam'iyyar da ta haɗa kujeru 76 a majalisar wakilai kuma shugabanta ne ke kafa gwamnati. Saboda haka 'yan majalisar jam'iyya mai mulki suna iya shiga ɗaki a Kanbera da maraice, su rufe ƙofa, su fito da sabon firaminista ba tare da an tambayi talaka ko ɗaya ba. Tsakanin 2010 da 2018 sau huɗu aka yi hakan: a jam'iyyar Labor Julia Gillard ta ture Kevin Rudd, Rudd ya dawo ya ture ta, a jam'iyyar Liberal kuma Malcolm Turnbull ya kayar da Tony Abbott, sannan Scott Morrison ya gaji Turnbull. Ga wanda ya taso a Najeriya, inda shugaba ke cinye wa'adinsa ko da jam'iyyarsa ta gaji da shi, abin yana ɗaukar lokaci kafin ya zauna a kai.

Mu Hausawan yammacin Sidni ba mu da yawa. Ranar Lahadi bayan la'asar mukan haɗu kusa da Lakemba, a gidan wani dattijo ɗan zangon Kumasi da duk muke kira Kawu. Ya yi shekaru yana tuƙin tasi kafin ya buɗe shago, kuma ɗan Liberal ne na a-mutu, don a cewarsa ita ce jam'iyyar da ta san zafin biyan haya da albashin yara. Ni kuwa katin Labor nake riƙe da shi. Duk sanda aka fara raɗe-raɗin sauya shugaba, shayinsa kan huce ba mu sha ba.

Matsayin Kawu bai taɓa canzawa ba: jam'iyya ta tsayar da wanda jama'a ke so, shi ke nan. Hujjarsa ta farko kullum Bob Hawke ce. A Fabrairun 1983, a ranar da firaminista Malcolm Fraser na Liberal ya kira zaɓe, Labor ta sauke Bill Hayden ta ɗora Hawke, bayan wata guda ya lashe zaɓe, ya kuma ci uku a bayansa. Hujja ta biyu Rudd ne, wanda a 2007 ya kayar da firaminista John Howard na Liberal har Howard ya rasa kujerarsa ta Bennelong. "Ɗana," in ji shi, "mutumin da jama'a suka zaɓa, ku kuka tashi cikin dare kuka cire shi. Me kuke jira in ba faɗuwa ba?" Nakan ce masa, Kawu, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ministocin da suka yi aiki da Rudd ne suka ce ba sa iyawa da shi. Amma lissafi yana gefen Kawu a nan. A zaɓen Agustan 2010 Labor da ƙawancen Liberal da National suka tashi kujeru 72-72, sai da Gillard ta nemi goyon bayan ɗan Greens ɗaya da 'yan indifenda uku kafin ta kafa gwamnati. Da aka dawo da Rudd a Yunin 2013 da ƙuri'a 57 da 45, don alƙaluma sun nuna ya fi ta farin jini, bai hana komai ba. Abbott ya kwashe kujeru 90, Labor ta tsira da 55.

Kafin Rudd ya tafi ya bar wata doka: daga yanzu rabin nauyin zaɓen shugaba na 'yan majalisa ne, rabi na mu masu kati. A Oktoban 2013 takardar zaɓe ta iso mini ta gidan waya, sunaye biyu a jiki, Anthony Albanese da Bill Shorten. Albanese na zaɓa, haka kusan kashi 60 cikin ɗari na 'yan jam'iyya kimanin dubu 30 da suka yi zaɓen. 'Yan majalisa kuwa suka ba Shorten 55, Albanese 31, da aka haɗa sai Shorten ya yi nasara da kashi 52. Tun daga nan na daina yarda da kalmar "jama'a" idan aka jefo ta cikin gardama ba tare da an ce waɗanne ba. 'Yan majalisa suna duban wanda zai tsare musu kujera da kuma ɓangaren da ya fito a cikin jam'iyya, na dama ko na hagu. Masu kati suna duban wanda ke magana da harshensu. Matar da ke zaune a bayan gari da bashin gida a wuyanta ba ta cikin ko ɗaya, kuma ita ce ke yanke hukunci.

Labarin Turnbull ne ya fi ba mu dariya a majalisarmu, har shi Kawu. A Satumban 2015 da zai ture Abbott, hujjar da ya kafa ita ce gwamnati ta sha kaye a ƙuri'ar jin ra'ayi ta Newspoll sau 30 a jere. Ya ci 54 da 44. In za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere: a Afrilun 2018 shi ma ya cika 30 ɗin nasa, 'yan jarida suna ƙirga masa ɗaya bayan ɗaya. A Agusta ministan cikin gida Peter Dutton ya tasa shi gaba, cikin mako guda ya sauka. A takarar maye gurbinsa, Julie Bishop, ministar harkokin waje wadda ta fi su duka karɓuwa a wajen jama'a, ƙuri'a 11 ta samu aka fitar da ita a zagayen farko. Morrison ya doke Dutton 45 da 40. Ranar Lahadin da ta biyo baya na tambayi Kawu ina farin jinin ya tafi. Ya ce jam'iyyarsa ta yi wauta, kuma za ta biya.

Ba ta biya ba, aƙalla a 2019. Wannan zaɓen ne na yi wa aiki sosai, kuma a cikinsa na ga yadda abin yake da idona.

Mazaɓarmu ta Watson ba ta da gardama, Tony Burke ke riƙe da ita tun 2004, don haka masu aikin sa kai irina akan tura mu inda takara ke da zafi. Ni Lindsay na je, yankin Penrith, can gindin duwatsun yamma. Aikin farko ƙwanƙwasa ƙofa ne, da jerin gidaje a hannu. Tambayar da aka koya mana ita ce wane al'amari ne ya fi damun mai gida. Kaɗan ne suka ce mini suna son Morrison. Da yawa ba su ma san shi sosai ba. Amma sunan Shorten na fita sai fuska ta canza. Wani tsoho ɗan fansho, yana tsaye a bayan ƙofar raga da karensa, bai ko buɗe ba, ya ce an gaya masa Labor za ta ƙwace rarar harajin da ake mayar masa kan 'yan hannayen jarinsa. Na fara bayanin cewa wasu kaɗan ne abin zai shafa, ya ɗaga hannu ya tsayar da ni. Wani magini kuma tsoronsa shirin rage rangwamen haraji ga masu sayen gidan haya ne, don in gini ya tsaya aikinsa ya tsaya. A lokacin duk alƙaluman ƙasa suna cewa Labor ce a gaba, har wani kamfanin caca ya biya waɗanda suka yi fare a kanta tun kafin ranar zaɓe.

Ranar Asabar 18 ga Mayu na tsaya a bakin wata firamare ina miƙa katin da ke nuna yadda jam'iyya ke so a jera lambobi, don a can ba mutum ɗaya ake dangwala wa ba, 'yan takara ake jerawa daga wanda ka fi so zuwa ƙasa. Doka ta ce mu tsaya aƙalla mita shida daga ƙofar shiga. Iyayen yara suna gasa sosej suna sayarwa cikin biredi don tara wa makaranta kuɗi, ni da ɗan Liberal ɗin da ke gefena muna raba ruwan sha. Zaɓe a can dole ne tun 1924, wanda bai je ba tarar dala 20 ke jiransa. Saboda haka layin cike yake da mutanen da siyasa ba ta dame su ba, wasu ma a nan suke yanke shawara, suna karɓar katin kowa don kada su ɓata wa wani.

Ƙarfe shida aka rufe, na shiga zauren a matsayin wakilin ɗan takara. An yarda ka duba, ka ƙalubalanci takarda, amma ba a yarda ka taɓa ta ba. Hannu a baya muke tsayawa. Malaman zaɓe suka zazzage koren takardun majalisar wakilai a kan tebur. Kowace takarda an cike dukkan akwatunanta da fensir, 1, 2, 3 har ƙarshe, don in ka bar gurbi da yawa ta lalace. Da farko aka tara su bisa wanda aka ba lamba 1. Sai shugaban rumfa ya buɗe wata ambulan da hukumar zaɓe ta rufe, ɗauke da sunayen 'yan takara biyu da ake sa ran za su kai ƙarshe. Daga nan aka ɗauko tarin ƙananan jam'iyyu da 'yan indifenda, ana duba kowace takarda: cikin biyun nan, wa aka sa a sama, wa aka sa a ƙasa? Na tsaya a kan wata malama tana rarrabawa. Mutum ya ba Liberal lamba 6, ya ba Labor 7. Ba ya son ko ɗaya, amma takardarsa ta tafi tarin Liberal da cikakken nauyinta, daidai da ta wanda ya ba su lamba 1 da zuciya ɗaya. Haka na yi ta ganin irinsu suna wucewa.

Labor ta rasa Lindsay a daren. A jihar Kwinsland, inda rigimar mahaƙar kwal ta Adani ta raba ma'aikata da masu kare muhalli, kujeru 6 ta samu cikin 30. Jam'iyyar attajiri Clive Palmer ba ta ci kujera ko ɗaya ba, amma kusan kashi biyu cikin uku na ƙuri'unta suka gangara wa ƙawancen Liberal da National. Morrison ya tashi da kujeru 77.

Kawu ya ce wannan ya tabbatar da maganarsa, tunda Shorten ya daɗe yana baya a tambayar wa aka fi so ya zama firaminista. Na ce masa wannan tambayar ta saba fifita wanda ke kan kujera, kuma Abbott ma bai taɓa zama ɗan lelen jama'a ba amma ya ci 2013. Abin da na gani a teburin nan shi ne, tsarin yana auna wanda aka fi gudu fiye da wanda aka fi so. A 2013 rigimar cikin gidan Labor aka guda. A 2019 harajin Shorten aka guda. Tun daga lokacin, in na ƙwanƙwasa ƙofa ba na ɓata lokaci kan wa kake so. Nakan tambayi wa za ka sa a ƙasa, da dalili.

Zaɓuɓɓuka biyu na baya sun tafi a kan wannan layin. A 2022, ranar farko ta kamfe aka tambayi Albanese, wanda ya gaji Shorten a shugabancin Labor, adadin marasa aikin yi da kuɗin ruwan babban banki, ya kasa faɗa. Labor ta samu ƙasa da kashi 33 na lamba 1, duk da haka ta kafa gwamnati da kujeru 77, don mutane sun gaji da Morrison tun tafiyarsa hutu Hawayi ana tsakiyar gobarar daji a ƙarshen 2019. Unguwannin masu kuɗi da Liberal ta gada kaka da kakanni suka koma hannun mata 'yan indifenda. Monique Ryan ta kayar da ministan kuɗi Josh Frydenberg a Kooyong, mutumin da ake ganin shi ne magajin Morrison. A farkon 2025 kuma, bayan Albanese ya faɗi ƙuri'ar raba gardama ta Oktoban 2023 kan wakilcin 'yan asalin ƙasar, ga tsadar rayuwa, alƙaluma sun ɗan karkata ga Dutton, wanda ya gaji Morrison a shugabancin Liberal. Kawu har ya fara yi mini jaje. Sai Dutton ya zo da tashoshin nukiliya bakwai, da rage ma'aikatan gwamnati dubu 41, da hana su aiki daga gida, wanda ya janye ana tsakiyar kamfe. Ga kuma harajin Trump da ya sa duk mai kama da shi ya zama abin tsoro. Ranar 3 ga Mayu Labor ta ci kujeru 94 cikin 150 da ƙasa da kashi 35 na lamba 1, Dutton ya rasa Dickson a hannun Ali France. A unguwarmu ma, duk da fushin Musulmi kan Gaza da 'yan indifenda da suka fito, Burke da Jason Clare na Labor sun riƙe kujerunsu.

Jam'iyyun biyu sun ɗaure ƙofar juyin mulkin cikin gida. A Labor sai kashi 75 na 'yan majalisa sun yarda kafin a taɓa firaminista, kashi 60 in madugun adawa ne. Liberal ta sa kashi biyu cikin uku a Disamban 2018, amma kariyar ta firaministan da ya ci zaɓe ce kawai, madugun adawa ba ya ciki. Da aka zaɓi Sussan Ley a Mayun 2025, mace ta farko da ta jagoranci Liberal a matakin ƙasa, da ƙuri'a 29 ta doke Angus Taylor mai 25. Kawu ya ce a ba ta lokaci jama'a su san ta, mata za su dawo wa jam'iyyar. Na ce Allah ya sa, Kawu, amma mutum uku kawai ake buƙata su sauya sheƙa a cikin ɗakin nan, kuma dukansu suna karanta Newspoll.