Ba kambun baka ba ne, dayis ne

Kwana biyu bayan kamun ƙanwata Ummi na tashi da asuba girata ta kumbura, idona na hagu da ƙyar yake buɗewa, ga ƙaiƙayi kamar an watsa min ƙaiƙayi koma kan masheƙiya. Gwaggo na ganina ta ce shi ke nan bakin mutane ne, ai jiya kowa sai ya tanka kwalliyarki, maza a kawo garwashi da habbatussauda. Ni kuma na ɗora laifin kan kifin da muka ci a wurin dina. Dukkanmu ba mu canka ba.

Sai da na ga likitar fata aka gano zancen. Tambayarta ta farko, me kika sa a fuska cikin kwana ukun nan, ba yau ba? Nan na tuna mai ƙunshi ta zana min gira da ragowar baƙin lallen da ta yi mana fulawa da shi. Lalle na gaskiya ja yake kamawa, baƙin nan dayis ake zubawa, kuma a cikin dayis akwai sinadarin da ake kira PPD, shi ne mai aika-aikar. Na ce likita ai na sha yin baƙin lalle a hannu ban ga komai ba. Ta ce to ai haka abin yake, jiki sai ya fara sanin abu tukunna ya riƙe shi a ransa, ran da ya ƙosa ya yi bore, kuma boren ba nan take yake fitowa ba, yakan ɗau kwana 1 zuwa 3. Shi ya sa muke kama wanda bai ji ba bai gani ba. Abin da ya fi ba ni haushi wai in dai jiki ya kama to yawanci an rabu ke nan, ko rinin gashi ba na ƙara yi.

Tun daga ranar na zama mai karanta bayan kwalba, har a Sabon Gari masu shago na kallona kamar wata jami'ar NAFDAC. Na farko da nake nema shi ne turare, za ki ga an rubuta Fragrance ko Parfum, wani lokacin Linalool ko Limonene. Turare na sahun gaba cikin abubuwan da ke tayar da fatar fuska, mu kuwa 'yan Kano in mai ba ya ƙamshi gani muke an cuce mu, har humra wasu ke ɗigawa a man shafawa. Ki bar humra a kaya don Allah. Sai sinadaran hana mai lalacewa, akwai wani mai dogon suna Methylisothiazolinone wanda Tarayyar Turai ta hana sa shi a man da ake shafawa a bari a jiki tun 2017, akwai DMDM Hydantoin. Lanolin ma, kitsen gashin tunkiya da ake sawa a man leɓe, wasu ba ya karɓarsu.

Amma duk wannan mai sauƙi ne tunda an rubuta. Inda gizo ke saƙa shi ne haɗin 'yan Instagram, roba fara ba suna ba komai, a ce miki oganik ne hajiya, karas ne da kurkur da madara. Karas ɗin lafiya zai sa ki fari a sati? Sau da yawa man tib ake matsawa ciki, irin mai Clobetasol ko Betamethasone, wanda magani ne mai ƙarfi ba kayan kwalliya ba. Da farko fuska ta yi luwai-luwai, daga baya fata ta yi siriri, jijiyoyi su fito, ran da kika daina kuma ƙuraje su yi miki taron dangi. Har man nan mai haɗin uku da ake siya a kemis da zarar an ga ƙurji, akwai Neomycin a ciki, shi kansa yana tayar wa wasu da ƙaiƙayi, kin ga an gudu ba a tsira ba.

Na gargajiyar ma ba duka ba ne. Lemon tsami a fuska sannan ki shiga ranar Kano ta watan Afrilu, ƙuna ce da baƙin tabo.

Yanzu duk sabon mai sai na shafa kaɗan a cikin gwiwar hannu safe da yamma na wasu kwanaki kafin ya hau fuskata, kuma ɗaya bayan ɗaya, ba na fara abu uku rana guda balle in rasa wa zan tuhuma. In kuwa leɓe ko harshe ya kumbura ko numfashi ya fara sarƙewa, wannan ba na jira ba ne, asibiti kai tsaye.

Girata sai da ta yi wajen sati biyu kafin ta sabe ta koma daidai, hotunan yinin biki duk da baƙin gilashi na fito. Gwaggo dai har gobe tana nan a kan bakanta, ta ce dayis ɗin ma ai baki ne ya tura shi.