Katakon da ke Ƙofar Shagon Kawu: Kwana Huɗu a Garwa

Ranar wata Talata cikin watan Agusta na bar Ngaundere da sassafe zuwa Garwa, a arewacin Kamaru, saboda saƙon da Kawu ya aiko mini cewa ciwon ƙafa ya matsa masa, kuma yana son in zo in karanta masa wasu takardun shagonsa da aka rubuta da Faransanci. Tsakanin garuruwan biyu kusan kilomita 280 ne, amma duk wanda ya saba bin hanyar ba ya lissafi da kilomita, sai dai da ramuka da manyan motoci, domin tun 1974 da layin dogo ya iso Ngaundere ya tsaya a nan, duk kayan da za su wuce Garwa da Marwa da Injamena a kan wannan hanya ɗaya suke hawa. Muka gangara tudun nan mai kwane-kwane kafin Mbe, sanyin garinmu ya rabu da mu, aka fara sauke gilasai ana fifita. Daga Ngong zuwa gaba gonakin auduga da na masara ne dama da hagu, har muka hau gadar Binuwai bayan la'asar.

Kogin ya cika ya batse, ruwansa ja saboda laka. Daga kan gadar ana hango wurin tsohuwar tashar jiragen ruwa, wadda a da, idan damina ta kankama, jirage ke hawowa daga Najeriya da gishiri da siminti da man fetur, su koma da auduga da gyaɗa. Wani dattijo da ke gefena ya ce a ƙuruciyarsa can ne cibiyar gari, kuma abin ya fara lafawa ne tun lokacin yaƙin Biyafara, kafin a zo a kammala madatsar ruwa ta Lagdo a 1982.

Rabona da Garwa tun kafin gasar cin kofin ƙwallon ƙafa ta Afirka da aka buga wasu wasanninta a garin, don haka da na sauka na roƙi ɗan moto ya zaga da ni ta cikin gari kafin ya kai ni gida, na ƙara masa sefa 500. Gaskiyar magana, garin ya canja, kuma rashin adalci ne mutum ya musanta. Manyan tituna sun sha kwalta, an ja musu farin layi, an kafa fitilu, an gyara shataletale, ga lambatu na kankare a gefe da gefe. Filin wasa na Rumde Ajiya, wanda aka gina a 1978 zamanin Ahmadu Ahijo, ɗan garin kuma shugaban ƙasa na farko, ya koma kamar sabo. Wani ɓangare na ayyukan cikin gari an yi shi ne da kuɗin bashin da Faransa ta mayar tallafi, a wani shiri da ya haɗa Garwa da Bafusam da Bertuwa, wani ɓangaren kuma na shirye-shiryen gasar ne. Ita kanta gasar kowa ya san yadda ta kaya: a 2019 aka tsara Kamaru za ta karɓi baƙunci, sai hukumar ƙwallon Afirka ta janye a ƙarshen Nuwambar 2018 saboda ayyuka ba su kammala ba, aka kai ta Masar, aka ba mu ta 2021, ita ma cutar korona ta tura ta zuwa Janairun 2022. Ɗan moton ya nuna mini ƙofar da mutanen Yola da Mubi suka yi dafifi ranar da Najeriya ta ci Masar ɗaya da nema, ya ce a makonnin nan biyu ya sami abin da bai taɓa samu ba cikin wata uku.

Muna barin babban titi muka karya kwana zuwa layin Kawu, wanda ba shi da nisa da babbar kasuwa, sai kwalta ta ƙare kamar an yanke ta da wuƙa. An faɗaɗa layin, an zuba jar ƙasa an daddaɓe, amma ruwan sama ya riga ya yi mata rami-rami. A gefen hagu akwai lambatu mai zurfi da ya kai ƙugun mutum, rabinsa an zuba kankare, sauran kuwa rami ne kawai da rodi a tsaitsaye sun yi tsatsa, ledoji da robobi sun maƙale a jikinsu. Kowane shago ya gitta abin da ya samu a kan ramin, wani tsohon ƙyaure, wani murfin durum da aka buɗe aka miƙar. Na Kawu katako ne mai kauri, faɗinsa bai wuce tafin hannu biyu ba, tsakiyarsa ta yi sumul saboda takawa, ya buga masa ƙananan itatuwa a gicciye don kada mata masu kawo ɗinki su zame. A kansa na tsallaka da jakata, na same shi zaune bayan keken ɗinkinsa, ƙafar a miƙe a kan kujera.

Bayan mun gaisa na tambayi jiki da mutanen gida, sai ya nuna mini bango, inda har yanzu ake ganin rabin jan gicciye da fenti, sauran rabin ya tafi tare da ginin da aka rushe. Ya ce wata safiya ma'aikata suka zo da igiyar awo, suka shafa wa duk layin alama, suka ba da wa'adi. Shi da kansa ya nemo yara suka cire mita biyu daga gaban shagon, domin ya tsira da kwanonsa da bulonsa kafin katafila ta iso. Wannan bai dame shi ba kamar dogonyaron da ke ƙofar, wanda mahaifinsa ya dasa, wanda a inuwarsa ake yanka yadi, ake sallar azahar, ake jiran ɗinkin salla. Yanzu kututturen ne ya rage, a kansa yaron shago ke ajiye dutsen guga. Ɗan kwangilar ya yi aiki na 'yan watanni, ya kwashe injinansa da saukar ruwan farko, ya dawo da rani ya zuba kankare kaɗan, ya sake ɓacewa. Masu cewa ba a biya shi ba suna nan, masu cewa an biya ya karkatar su ma suna nan.

Takardun da ya kira ni dominsu uku ne: sanarwar rusau, da takardar ƙiyasin abin da aka rushe, da wata tsohuwar shaida mai hatimin jauro, wato mai unguwa, da ke nuna mahaifinsa ya sayi wurin. Na karanta masa dalla-dalla, amma bayanin da ya fi nawa amfani ya fito ne daga bakin amininsa, wani tsohon ma'aikacin awon ƙasa da ya yi ritaya, wanda kowa a layin ke kira Malam. Ya ce tun dokar filaye ta 1974, hukuma ba ta ɗaukar komai a matsayin cikakkiyar shaidar mallaka sai takardar da ake kira titir fonsiye, kuma akasarin tsofaffin gidajen unguwanni irin su Hausare da Fulɓere gado ne da shaidar dattawa kawai. Saboda haka abin da Kawu zai iya sa rai a kai shi ne diyyar gini, ba ta ƙasa ba. Kawu ya yi shiru, sannan ya ce, “To, Malam, ita ta ginin ma ai har yanzu jiranta muke.”

Da daddare, bayan isha'i, majalisar layin ta haɗu a teburin mai shayi, kuma a nan na gane cewa mutanen da rami ɗaya ya raba da titi ba bakinsu ɗaya ba. Wani Alhaji mai shagon kayan gini yana ganin ko mita biyun da aka cire sun yi kaɗan, domin motar siminti ba ta iya juyawa a layin, kuma a cewarsa gari mai filin jirgin sama na ƙasa da ƙasa, mai hedikwatar kamfanin auduga na Sodecoton, wanda aka ba jami'a a 2022, bai kamata tsakiyarsa ta zauna da lunguna irin na zamanin jakai ba. Wani matashi ɗan moto ya ce shi faɗin titi bai dame shi ba, abin da ya ji ana raɗe-raɗi, wato a mayar da layin mai hannu ɗaya, shi ne zai kashe su, tunda fasinja ba zai ƙara ko dala ba don an zaga da shi. Hajiyar da ke suyar ƙosai kusa da mai shayi, wadda da farko ba ta sa baki ba, ta juyo ta ce, “Alhaji, ku da kuke da ƙyaure da kwaɗo kuna maganar faɗi. Mu da aka ce mu tashi daga bakin titi mu koma rumfunan can bayan gari, wa zai bi mu can ya sayi ƙosan sefa 100?” Babu wanda ya ba ta amsa. Aka koma gardamar kwalta da fafe, wato ƙananan bulon siminti da ake jerawa a ƙasa: wasu na cewa kwalta ta fi daɗin tuƙi, Malam na cewa fafe ya fi dacewa da layukan unguwa, domin samarin gari ne ke bugawa su jera, kuma idan bututun ruwa ya fashe sai a ɗaga a gyara a mayar.

Ni dai a raina na fi karkata ga Hajiya da Kawu, ko da yake ban raina hujjar Alhaji ba. Garwa gari ne da zafinsa ke haura digiri 40 a watannin Maris da Afrilu, kuma yawancin masu shiga tsakiyarsa a ƙafa suke ko a kan moto. Wanda ya zana titi a ofis mai na'urar sanyi yana ganin bishiya a matsayin abin da ya tare hanya, alhali ga mai tafiya a ƙasa ita ce rabin amfanin hanyar. An dasa sababbi a manyan titunan, na gan su cikin kejin waya saboda awaki, amma kafin su yi inuwar da za a yanka yadi a ƙarƙashinta sai yaron shagon Kawu ya yi furfura ko kusa. Tun 2020 garin yana da zaɓaɓɓen magajin gari a madadin wakilin da gwamnati ke naɗawa a da, ga kuma ƙananan hukumomi uku a cikinsa, kuma abin da mutanen layin suka fi nanatawa shi ne a riƙa kiransu a ji ta bakinsu kafin a zo da jan fenti.

Daren Alhamis hadari ya haɗo daga gabas, aka tafka ruwa har kusan asuba. Da gari ya waye Malam ya ja hannuna ya ce in zo in ga abin da ya gaji da faɗa. Muka bi lambatun daga babban titi, inda ruwan ke gudu a cikin kankare ba tare da wata tangarɗa ba, har zuwa daidai shago na biyar bayan na Kawu, inda kankaren ya ƙare. A nan ruwan da aka tattaro daga titunan sama duka ya faso, ya cinye gefen ramin, ya shiga zaurukan gidaje uku, mata na ta kwalfewa da kwanoni, an shanya tabarmi da littattafan yara a kan katanga. Malam ya ce kafin aikin ruwan yakan watsu ne ko'ina kowa ya sami kaɗan, yanzu kuwa an haɗa shi wuri ɗaya an sake shi a kan talakawa. “Ɗana,” in ji shi, “magudana daga ƙasa ake fara ta, daga inda ruwa zai faɗa kogi, a riƙa hawowa. Su kuwa daga sama suka faro, inda baƙi za su gani.” Ya tuna mini da ambaliyar 2012, lokacin da aka saki ruwan Lagdo Binuwai ya haura unguwannin da ke kwari, ya ce wanda ya ga wannan shekarar bai kamata a koya masa inda ruwan Garwa ke nufa ba.

A ranar muka zauna da shi muka rubuta takardar koke da Faransanci, magidanta goma sha ɗaya suka sa hannu, waɗanda ba sa rubutun boko suka dangwala yatsa, Hajiya ma ta ce a sa nata. Ba mu nemi kwalta ko fafe ba, abu biyu kawai muka roƙa: a ƙarasa lambatun zuwa ƙasa kafin wata damina, a kuma rufe samansa a ƙofar shaguna. Matashin nan ɗan moto ya ɗauki alkawarin kai ta ranar Litinin ya karɓo shaidar an karɓa.

Asabar da asuba na yi sallama domin in sami motar farko. Na tarar babu katakon a kan ramin, domin Kawu yakan sa a shigar da shi ciki kowane dare tun da aka sace na maƙwabcinsa aka yi itacen girki da shi. Ya ta da yaron shago ya fito da shi ya gitta, shi kuma ya dogara sandarsa ya riƙe mini jaka har na tsallaka, sannan ya miƙo mini ita ta saman ramin, ya ce in gaida mahaifiyata, in kuma gaya mata ƙafar da sauƙi.