A bar mana gawo a gefen hanya

Jiya na bi wata hanyar ƙauye bayan Wurno, na tarar an yashe ƙasa don cikon titi, an bar rami, saiwoyin gawo duk a waje rana na dukansu. Wallahi raina ya ɓaci.

Gawo ba itacen banza ba ne. Da damina yake zubar da ganye, gero ya samu rana da taki a gindinsa. Da rani kuwa, lokacin da Sakkwato ke tafasa, shi ke ba da inuwa, awaki su ci 'ya'yansa.

Ga abin koyi: a Amurka akwai hanyar Blue Ridge Parkway, an fara gina ta a 1935, tsawonta kilomita 755. Sun bar ta tana bin lanƙwasar duwatsu, sun hana motocin kaya da allunan talla, sun tanadi wuraren tsayawa a sha kallo.

Tunda an ƙaddamar da aikin gina hanyar Sakkwato zuwa Badagry daga Illela a 2024, roƙona ga injiniyoyinmu shi ne: hanya ta ɗan karkace wa tsohuwar kuka, a sa kwalbati kada a datse ruwan fadama, a bar wa makiyaya burtalinsu, ramin da aka tona kuma a cike shi kafin damina.