Telan da ya ɓuya ranar Idi

Ranar sha biyu ga azumi na leƙa shagon ɗan yayata, na tarar yana karɓar shaddar wani dattijo. Bai ɗauko littafi ba. Ya zagaya tef a kafaɗar mutumin, ya ce, "Na riƙe a kai, Alhaji, ana jibi Sallah a aiko." Da dattijon ya fita na duƙa ƙarƙashin teburin yanka na ƙirga ledoji ashirin da uku, ko ɗaya almakashi bai taɓa ba. A kan keke kuwa wata 'yar shara ce tasa ta kansa, kwana uku yana mata aikin wuya. Na ce, "Waɗannan fa, sai yaushe?" Ya ce, "Kawu, ni sai wuri ya ƙure nake iya aiki. Haka Allah ya yi ni."

Jikina ya yi sanyi, domin maganata ce ta fito daga bakinsa.

Shekarata 26 a kan keke, kuma ko maƙiyina ya san ina da hannu. Amma akwai wata ƙaramar Sallah da har yau ba na son tunawa. Da asuba na sa yaron shagona ya kulle ni ciki, ya ɗana kwaɗo ta waje ya tafi. Ina zaune a duhu na ji an zo ƙofa. Ta kafar ƙyaure na hango wata yarinya da ba ta wuce shekara bakwai ba, an yi mata kitso da lalle, tana riƙe da hannun yayanta. Ta tambaye shi, "Yaya, zai zo?" Atamfarta tana gefena, na yanka, zanen alli yana jiki, ban haɗa ba. Sun tsaya har aka fara wucewa filin Idi, sannan suka juya.

Abin da ba wanda ya yarda da shi shi ne, a daren nan ban runtsa ba. Ina kan keke har kiran sallar farko, ina farke wuyan wani kaftani da ya karkace da abin da bai kai faɗin farce ba, wanda mai shi ma ba zai lura ba. Na san rigar yarinyar ce ta fi gaggawa. Na faɗa wa kaina haka ya fi sau goma. Hannuna ya ƙi barin kaftanin.

A lokacin ina da hujjoji, kuma ba duka ne na banza ba. Wuta ba ta zama, man janareto ya yi tsada, mutane kuma sai goman ƙarshe suke kwaso yadi daga Kantin Kwari su jibge maka, su haɗa ka da Allah. Wane tela ne bai taɓa saɓa alkawarin Sallah ba? To amma maƙwabcina da wutar nan ɗaya muke aiki, shi kuma yana sallamar mutanensa. Ya fi ni ƙwarewa? A'a. Yana da littafi, kuma ya iya cewa "na rufe karɓa."

Tun ina makarantar allo nake shan suna: mai kunnen ƙashi, sarkin shiririta, sakarai. Allona ya ɓata sau nawa ban sani ba. A gida in an aike ni sayen manja sai na dawo da labarin faɗan da na gani a hanya. Ban zargi iyayena ba, abin da suka gani suka faɗa. Illar ita ce na karɓi sunayen na sa su kamar riga. Wanda ya riga ya yarda shi maras alkawari ne, ƙarya ba ta yi masa nauyi, kuma ba ya neman taimako, don gani yake hali ne, hali kuwa zanen dutse. Na yi shekaru ina ce wa mutane "saura guga kawai" alhali yadin na cikin leda.

Ina da shekara 41 muka kai ɗana asibitin ƙwaƙwalwa saboda ƙorafin makaranta. Likitar tana jero tambayoyi a kansa, ni ina jin tarihina ake karantawa. Ta ce sunan abin ADHD, matsalar riƙe hankali wuri ɗaya da tsara aiki, tana samun kimanin yara biyar cikin ɗari, tana bin jini sosai, kuma da yawa suna girma da ita. Ta kwatanta min da shago: a gaban ƙwaƙwalwa akwai sashen da yake kamar maigidan shago, shi ke cewa a fara wannan, a ajiye wancan, lokaci ya tafi. Ma'aikata na iya zama gwanaye, amma in maigidan yana gyangyaɗi aiki ba zai fita ba. Daga baya na ji bayanin wani masani ɗan Amurka, Russell Barkley, cewa matsalar ba ta rashin sanin abin yi ba ce, ta kasa aikata abin da ka riga ka sani ce a lokacin da ya kamata. Na tuna kaftanin nan, na yi hawaye. Har na gano cewa likitan Ingila George Still, da ya bayyana irin yaran nan a 1902, shi ma da raunin tarbiyyar kai ya fassara abin. Ashe ba malamin allona kaɗai ya yi wannan fahimtar ba.

Nan kuma na tafka kuskure na biyu. Na cire tsohuwar rigar na sa sabuwa. Kusan shekara biyu duk wanda ya yi min magana sai na ce larura ce. Uwargidana ce ta tsayar da ni wata rana, ta ce, "Malam, larura ta hana ka gama ɗinki, na yarda. Ita ce kuma ta hana ka gaya wa mutane gaskiya?" Ban sami amsa ba.

Na zauna ne da niyyar rubuta muku shawarwari masu yawa, 'yan baya, amma da na tace su kaɗan suka rage.

Kada ka riƙe komai a kai. Kanka ba wurin ajiya ba ne. Rubuta awo, rubuta rana, rataye inda ido zai gani, ba cikin waya ba, don da ka ɗaga wayar nan an gama da kai. Sannan ka sami mutum ɗaya da zai riƙe maka ƙidaya, wanda in ya ce an rufe karɓa, an rufe. Ni ƙanena ne ke karɓar kaya da kuɗin kafin alƙalami yanzu, ni nawa ɗinki. Da farko na ji kamar an rage min girma. Ba abin da ya ragu.

Kada ka yarda da kanka a kan lokaci. In ranka ya ce awa biyu, sa huɗu. Amma kuma kada ka riƙa zagin kanka, don zagin ne ke kai mutum ga ɓuya. Na san maganganun biyu kamar suna karo, ni ma har yau ban gama daidaita su ba.

Abin da ke ƙona min rai da ku shi ne, kun sami abin da mu ba mu samu ba, kuna wasa da shi. Yaro ya kalli bidiyon minti ɗaya a TikTok ya fito yana cewa yana da ADHD, shi ke nan ya sami lasisin kwana har azahar. Likita ba haka take ganewa ba. Sai ta bi tarihinka tun kafin ka kai shekara 12, ta ga abin yana binka gida da makaranta da wurin sana'a. In kana zargi, je a duba ka. Kuma kada ka kuskura ka sayi ƙwaya a kemis wai don ka kwana kan keke, na ga inda wannan hanyar ta kai yara masu hannu.

A daren wannan rana ta sha biyu ga azumi na koma shagon ɗan yayata da littafi mai bango mai kauri. Muka zazzage ledojin, muka lissafa abin da hannu biyu za su iya a kwana goma sha bakwai. Guda tara na sa ya mayar wa masu su tare da kuɗinsu, yana yi yana cika yana batsewa. Har yanzu gaisuwa kawai ke haɗa mu. Jiya na bi ta ƙofar shagon, littafin yana buɗe a kan tebur, da awon mutum huɗu a ciki.