Kaimakin madarar saniya

Yau da safe na kwashe kaimakin da na ɗora tun jiya da la'asar, wato yanar maiƙon madara mai kauri da ake ci a Turkiyya da Girka, kuma a idona ya yi kyau, domin yanar ta yi kauri har na iya yanka ta da wuƙa na naɗe ta ba tare da ta tsage ba. Na bi duk abin da Kaka, dattijuwar da ke zaune a bene na sama, ta koya mini. Na zuba madara da kirim a tukunya mai faɗi marar zurfi, saboda faɗin ne yake ba maiƙon sararin tasowa, na rage wuta ƙasa sosai na bar ta kimanin awa 2 tana turiri ba tare da ta tafasa ba, sannan na sauke, da ta huce na sa ta a firiji ta kwana. Abin da ya fi ba ni wuya shi ne hana hannuna ɗaukar ludayi, domin wadda ta saba dama kunu ba ta iya ganin tukunya a kan wuta ta ƙyale ta, alhali juyawa ɗaya tana wargaza yanar gaba ɗaya.

Da hantsi na ɗiba a ƙaramin faranti na hau sama na kai mata. Ta ɗanɗana, ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce, "Hannunki yana da kyau, 'yata, amma wannan na saniya ne." Na ce, "Kaka, ai babu wata madarar a kantin unguwarmu." Ta ce ta sani, ta ƙara cokali ɗaya, ta mayar mini da farantin.

Wannan magana ce ta tsaya mini a rai har yanzu, ko da yake na san gaskiya ta faɗa. Kaimaki na asali da madarar ɓaunar ruwa ake yin sa, wadda maiƙonta yakan kai kashi 7 zuwa 8 cikin 100, yayin da na saniya bai cika wuce kashi 4 ba, shi ya sa na ɓauna yake fitowa fari fat mai nauyi, nawa kuwa ya ɗan ja zuwa rawaya. Ga kuma madarar kanti da injin masana'anta ya riga ya farfasa maiƙonta don kada ya taso, wanda shi ne dalilin da ya sa dole na ƙara kirim. Iyayen Kaka suna cikin waɗanda suka baro yankin Anadolu na Turkiyya suka sauka a nan birnin Tasalonika na Girka lokacin musayar jama'a tsakanin Girka da Turkiyya a 1923, kuma ta sha gaya mini cewa mahaifiyarta ba ta taɓa yarda wani kaimaki ya kamo na garin Afyon da ke Turkiyya ba. Ina ganin da ma'aunin mahaifiyarta ta auna ni, kuma wannan ma'auni ne da ko masu gidajen kayan zaƙi na birnin nan ba lallai su tsallake shi ba. Duk da haka na so a ce ta tsaya a kan rabin farko na maganarta.

Yara dai ba su bar komai ba, sun shafa shi a burodi da zuma sun cinye kafin azahar. Sauran madarar da ke ƙasan tukunya na dafa shinkafa da ita.

Da na ba Inna labari a waya, ba ta ji komai ba sai zancen tatsar ɓauna, domin ita ɓaunar da ta sani ta daji ce wadda maharba ma suke shakka, sai da na bayyana mata cewa wannan wata iri ce ta gida da ake kiwo kamar shanu. Abban yara ya ce ana kiwon su a bakin tafkin Kerkini da ke yankin Serres, kimanin kilomita 100 daga nan, kuma idan aiki ya sassauta masa zai kai mu mu sayo madarar. Na roƙe shi kada ya gaya wa Kaka tukuna, domin ina so in kai mata farantin ba tare da ta san madarar da na yi amfani da ita ba, in ji ko harshenta zai gane da kansa.