Sa'a 2 a manhaja: yadda muka samu amincewar majalisar jami'a

A shekarar 2020 gwamnatin riƙon ƙwarya ta Sudan ta yanke shawarar komawa tsohon tsarin karatu, wato shekara 6 a firamare, 3 a mutawassiɗa (matsakaiciyar makaranta), 3 a sakandare. Tun farkon shekarun 1990 tsarin asas, wato karatun tushe mai shekara 8, ake bi, kuma a kansa aka gina digirin da muke bayarwa a kwalejin tarbiyya inda nake koyarwa, a gabashin ƙasar. Da tsari ya sauya, tilas kowace kwalejin horar da malamai ta buɗe manhajarta ta sake dubawa. Duk wanda ya yi aiki a jami'a ya san ba kullum ake buɗe wannan ƙofa ba. In an rufe ta, sai a yi shekaru ba wanda ya isa ya taɓa ko layi ɗaya. Shi ya sa na ƙudurta cewa abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, a wannan karon zan shigar da shi.

Ni Bahaushe ne, a ƙauye na tashi a yankin Gadarif. Kakanninmu hanyar hajji ce ta kawo su, wasu kuma sun iso ne bayan yaƙin Burmi na 1903, tare da jama'ar da suka kafa Mai Wurno a bakin kogi kusa da Sinnar. A ƙauyukanmu yaro yakan kai shekarun shiga makaranta Hausa kawai yake ji a gida da gona da dandali. Ranar da ya shiga aji, littafi da malami duk sun ɗauka da Larabcinsa ya zo. Malaman nan kuwa mu muka yaye su, kuma a shekarun da suka yi a hannunmu ba mu ba su darasi ko ɗaya ba a kan yadda ake koyar da Larabci ga yaron da ba shi ya sha a nono ba.

Wata rana ina duba ɗalibanmu masu gwajin koyarwa, na zauna a bayan wani aji. Wata yarinya tana karatu, duk inda ta ga harafin fa sai ta karanta shi ƙaf. Ɗalibin namu ya gyara mata, ta sake, ya buga tebur, ta yi shiru ba ta ƙara buɗe baki ba. Bayan an tashi ya ce mini, "Ustaz, yarinyar nan ba ta ja." Na karɓi alli na rubuta masa haruffan biyu yadda ake rubuta su a makarantar allo. A rubutun Magribi da malaman allonmu suka gada, fa ɗigonta a ƙasa yake, ƙaf kuwa ɗigo ɗaya gare ta a sama, kamar fa ɗin da ke cikin littafin aji. Yarinyar daidai ta karanta, bisa abin da aka koya mata. Haka ma yaron da zai mayar da bab (ƙofa da Larabci) mace saboda ƙofa mace ce a Hausa, ko ya mayar da yad (hannu) namiji saboda hannu namiji ne a Hausa. Wanda ya san tushen kuskure minti kaɗan zai gyara shi. Wanda bai sani ba sai ya yanke wa yaro hukuncin daƙiƙanci, yaron kuma ya koma gonar riɗi ya bar karatun har abada.

Abu biyu na nema: sabon darasi mai sa'a 2 a lissafin sa'o'in digiri, a kan koyar da Larabci ga yaran da ba harshensu ba ne, da kuma a riƙa tura ɗalibai gwajin koyarwa a makarantun ƙauye, ba na cikin gari kaɗai ba.

Ba wanda ya ce ra'ayin bai da kyau. Rigimar duk a kan sa'o'i take. Jimillar sa'o'in digiri a ƙayyade take, kuma darussan da jami'a ta wajabta wa kowa, irin su Larabci da Ingilishi da saƙafar Musulunci da nazarin Sudan, ba a taɓa su. Ke nan sa'a 2 ɗin nan daga darasin wani abokin aiki za a ciro su. Kowane darasi kuwa da mai shi. Wani shekara da shekaru yana koyar da shi, shi ya rubuta takardun da ɗalibai ke kwafa, daga sa'o'insa ake lissafa masa ɗan abin da ake ƙarawa a kan albashin da bai kai wata. Wanda ya zo da sabon darasi bai faɗi inda za a samo sa'o'insa ba, ya tayar da hankalin kowa a ɗakin, don kowa zai zaci shi za a yanka.

Na tattaro bayanin darussan sashenmu duka na baje su a tabarma ina gwama su mako da mako. Sai na ga darasin hanyoyin koyarwa na gaba ɗaya da na hanyoyin koyar da Larabci suna maimaita juna a wurare da dama: shirya darasi, kayan koyarwa, auna fahimta. In aka cire maimaicin, sa'o'in sun fito. Mai darasin na farko dattijo ne, shi ya koyar da ni. Ban kai maganar majalisar sashe ba sai da na same shi a gida bayan la'asar. Muka sha shayi, na shimfiɗa masa takardun biyu, na ce, "Allah ya gafarta Malam, shawara na zo nema." Ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Ɗana, maimaicin na gani. Amma in gobe ka samu aiki a Saudiyya ka tafi, wa zai koyar da shi?"

Wannan tambaya ita ce ta fi kowace nauyi a duk tafiyar, kuma sai da aka sake yi mini ita a kowane mataki. Jami'o'in Sudan sun sha ganin darasin da ya mutu ranar da mai shi ya hau jirgi. Allah ya taimake ni muna da abokan aiki biyu da suka yi karatu a Cibiyar Harshen Larabci ta Duniya da ke Khartoum, wadda aka kafa a 1974 musamman don horar da masu koyar da Larabci ga waɗanda ba harshensu ba ne. Na roƙe su muka rubuta bayanin darasin tare, sunayenmu uku a kai. Ranar zaman sashe dattijon ne da kansa ya gabatar da batun rage sa'o'in darasinsa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Duk majalisar da na shiga bayan wannan, sai na riga na zauna da waɗanda abin zai shafa ɗaya bayan ɗaya.

Akwai mutumin da malamai ke mantawa da shi, wato magatakardan kwaleji. Shi ya nuna mini cewa takardarmu ba ta faɗi makomar ɗaliban da suka riga suka fara a tsohuwar manhaja ba, balle wanda ya faɗi tsohon darasin zai maimaita bayan an sauya shi. Muka ƙara shafi guda: tsofaffin ɗalibai su ƙarasa a tsarinsu, sabon ya fara da sababbin shiga. Shi ne kuma ya koya mini in riƙa karanta rubutaccen bayanin kowane zama kafin a sa hannu, domin majalisa ta gaba ba ta jin abin da aka faɗa, abin da aka rubuta take gani.

Takardar tana gaban majalisar kwaleji lokacin da rikicin jihar Bulu Nayil ya ɓarke a watan Yulin 2022. An kashe Hausawa da yawa, dubbai suka bar gidajensu a yankin Damazin da Rusairis, aka yi zanga-zanga a Kasala da Gadarif da Khartoum. Zukata sun yi zafi ta kowane ɓangare. A zaman wani ya ce, a fili, wannan ai darasin Hausawa ne ake son cusawa. Maganar ta sosa mini rai ƙwarai, ina da dangi a cikin waɗanda suka gudu. Amma ba ni na amsa ba. Abokin aikina Bahadande, wato ɗan ƙabilar Hadandawa ta al'ummar Beja, ya ciro littattafan rubutun yara da muka tattaro daga makarantun Beja da na Bani Amir da na Masalit da na Fulani, ya miƙa aka zagaya da su. Kowane harshe da irin kurakuransa, matsalar kuwa ɗaya. Tun farko sunan darasin bai ɗauke da sunan wata ƙabila, kuma haka ya dace, don yaran gabas duka ne ke cikin wannan hali. Wasu sun ba ni shawara in kafa hujja da tsarin mulkin 2005, wanda ya ce duk harsunan asali na Sudan harsunan ƙasa ne da za a girmama a bunƙasa. Layi ɗaya na ba shi. Hujjar da ta ratsa ɗakin ita ce yaran nan za su fi iya Larabci, kuma wannan kowa yana so.

Daga nan kwamitin manhaja ya aika wa masana biyu na wasu jami'o'i su duba. Ɗaya ya nemi a mayar da rabin darasin na aikace, ɗalibai su riƙa nazarin rubutun yara na gaske. Gyara ne mai kyau, muka karɓa hannu bibbiyu. Batun ƙauye ne ya faɗi. Aka ce babu kuɗin mota da masauki, kuma da damina baƙar lakar yankin ba ta barin mota ta shiga. Gaskiya ne, na sha tura mota a cikinta. Aka mayar da shi zaɓi ga wanda ya so. Har yau ina ganin an yi asara a nan, domin ɗalibin da bai taɓa tsayawa gaban aji cike da yaran da ba su jin maganarsa ba, rabin darasin kawai ya samu.

A majalisar malamai ta jami'a, wadda shugaban jami'a ke jagoranta, batun bai ɗauki lokaci ba. Da sabon digiri ne ɗungurungum, da sai an kai ma'aikatar ilimi mai zurfi. Tunda gyara ne a cikin wanda ake da shi, a nan aka yanke. Na bi takardar hukuncin da ƙafata har ofishin magatakarda, na ga an shigar da darasin a jadawali.

Sai yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023, jami'o'i suka rufe. Bayan faɗuwar Wad Madani a watan Disamban shekarar, makarantun Gadarif da Kasala suka cika da 'yan gudun hijira, azuzuwan da za a yi gwajin koyarwa suka zama ɗakunan kwana. Rukunin farko ta WhatsApp muka koyar da su, muna aika murya da hotunan littattafan yara, su saurara duk lokacin da intanet ta samu. Ɗaya daga cikin mu ukun ya tafi ƙasar waje kamar yadda dattijo ya hango, mu biyu muka riƙe darasin. Yanzu muna rubuta sabuwar takarda a kan gwajin ƙauye: a yi shi da rani bayan an gama girbin dawa, kowane ɗalibi a makarantar da ta fi kusa da garinsu, yadda ba a bukatar mota ko masauki. Shugaban sashe ya sa ta a ajandar zama mai zuwa.